Muryar da Barmo Bai Amsa Ba

Dogon Dutsi, 11 ga Satumba

Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Kafin komai, ina roƙon ka yafe mini ƙarfin halin da na yi na rubuto maka. Ba ka san ni ba, ni ma ban taɓa ganinka ba sai a hoto guda da Inna take ajiyewa cikin jakarta, wanda kake tsaye a ƙofar lekol, wato makarantar boko, riƙe da kaye na rubutu. Ni ce Sahura, ɗiyar fari ta ƙanwarka Hassana. An haife ni shekara huɗu bayan tafiyarka Abijan. Na fara wannan takarda sau da yawa ina yagewa, don na san ba hurumin yarinya kamata ba ne ta sa baki a maganar manya. Idan ka ga inda na wuce wuri, ka ɗauke shi a ƙuruciya, ba raini ba ne.

Ina fata kana lafiya, kai da Anti Lubabatu da ƙannena Habu da Kubra. Allah ya tsare ku a ƙasar mutane, ya sa albarka a aikinka. Mu nan sai godiya. Damina ta yi kyau bana, gero ya fitar da kai, wake ya fara fure. Baba yana nan da kekensa na ɗinki a bakin kasuwa, Inna ma lafiya lau. Ni kuma na ci jarrabawa, idan an koma lekol watan gobe zan shiga tarminal, ajin ƙarshe na sakandare. Kaka, mahaifiyarku, ita ce dai jikin ya ƙi. Ƙafafunta sun kumbura, numfashi yana yi mata wuya, ga yanar ido ta rufe mata gani. Ta yi kwana tara a asibiti, sannan likita ya ce a maida ta gida a riƙa lallaɓa ta. Baba bai faɗa mana abin da likitan ya gaya masa a waje ba, amma tun ranar ya daina yi mata faɗa idan ta ƙi shan magani. Saboda ita na rubuto, sai dai ba zan iya kaiwa ga maganarta ba sai na bi ta cikin littattafanka.

Littattafai ukun nan na Garuruwan Ƙarƙashin Yashi da ka aiko wa Inna shekaru biyu da suka wuce, ba ta taɓa buɗe su ba. Ta naɗe su a tsohon zane ta sa a ƙasan akwati. A farkon wannan hutu na same su ina neman wani abu dabam, na zauna a nan bakin akwatin, ban tashi ba sai da aka kira la'asar. Kawu, ban san ana rubuta irin wannan da Hausa ba. Garuruwa bakwai da yashi ya binne, ba sa fitowa sai rana ta tsaya tsaka, Sarkin Gishiri da rundunarsa da ke daskarar da mutane a tsaye, kurayen da ke yi wa matafiya ƙarya da muryar mutane, da Barmo ɗan maƙeri da mashinsa marar inuwa. Na karanta su sau huɗu. Ƙawata Grâce, ɗiyar Malam Samuel mai koyarwa a makarantar mishan, ta sa ni cikin wani rukuni na masu karatunka a wayarta. Sun fi ɗari uku, kullum suna gardama a kan yaƙin Kogin Toka, da ko Jarmai Tunau ya ci amanar Barmo ko dabara ce ya yi. Ban taɓa cewa komai ba a ciki, ban kuma faɗa musu kai kawuna ne ba. Amma akwai abubuwan da na ga kowa yana tsallakewa, na riƙa rubuta su a kayena kamar yadda mushenmu, wato malaminmu na adabi, ya koya mana.

Na farko yana littafi na ɗaya, babi na huɗu. Barmo ya gaji ya jingina da wani gawo marar ganye, inuwarsa ta shige ƙarƙashin ƙafarsa. Sai ya ji wata murya daga nesa ta ce Yaya, ta sake cewa Yaya. Ya kama bakinsa ya yi shiru yana jira, muryar ba ta ƙara ba. Layi biyar ne kawai, daga nan sai ƙurar mayaƙa ta taso labari ya wuce. A rukunin, wani ya ce gawon mataccen itace ne na tsafi. Ina jin mutumin birni ne, don duk wanda ya taɓa noma ya san gawo da damina yake zubar da ganye. Wato lokacin noma ne abin ya faru, kuma a gona. Abin da ya fi tsaya mini shi ne, a babi na farko ka faɗa ƙarara cewa Barmo shi kaɗai uwarsa ta haifa. To wa ke ce masa Yaya? Na bi littattafan uku shafi shafi, na sami muryar nan a wuri goma sha huɗu. Ta kira shi a kasuwar gishiri, ta kira shi cikin kwalekwale, ta kira shi har ranar da ake ɗaura masa rawani ana ta kiɗa. Kullum rana tsaka, kullum sau biyu, kuma bai taɓa amsawa ba.

Na biyu wata yarinya ce da ke cikin taron jama'a a kowane gari daga cikin bakwai ɗin. Tana ɗauke da ƙwaryar fura rufe da faifai, ɗan kunne guda ne a kunnenta. Ba ka ba ta suna ba, ba ta taɓa magana ba, ba wanda ya taɓa sayen furarta. Daga farkon labari zuwa ƙarshen littafi na uku shekara ashirin ne, Barmo har ya yi furfura a gemu, amma ita tana nan 'yar shekara goma. Ranar da na gane haka ina zaune ni kaɗai a zaure, sai da na rufe littafin na koma tsakar gida wurin mutane. Na uku kuma rijiya ce. Barmo yana shan ruwan kogi, yana shan na tafki, yana tara na sama a garkuwarsa, amma bai taɓa leƙa rijiya ba. A littafi na uku mutanensa sun kusa mutuwa da ƙishirwa ga rijiya a gabansu, ya ce a kewaye ta. Masu karatu sun yi ta dariya, suka ce marubuci ya manta ne. Ni dai ban ga alamar mutumin da ke tuna launin igiyar raƙumi bayan shafi ɗari shida zai manta da rijiya ba.

Har zuwa nan, wasa nake yi da hankalina, ina jin daɗin na ga abin da wasu ba su gani ba. Abin da na sani game da gidanmu kaɗan ne. Na san Inna 'yan biyu ce, na san 'yar uwarta Husaina ta rasu suna ƙanana, an ce iskoki ne suka ɗauke ta a bayan dutsi. Ba a maganar a gidanmu, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Da aka sallamo Kaka daga asibiti, zaman ɗaki ya ishe ta, sai na fara karanta mata littafin bayan azahar. Ta ji daɗinsa ƙwarai. Ta yi dariya har da tari a kan kurayen nan, ta ce babbarsu bakinta sak na maƙwabciyarmu Sa'adatu, mai ba da labarin abin da bai faru ba tukuna. Ta ce ashe ɗan nata da ba ya iya haɗa magana biyu a gaban baƙi, duk wannan surutu yana cikinsa. A rana ta uku muka kai babi na huɗu. Ina gama layukan nan biyar ta ɗaga hannu ta ce in tsaya in maimaita. Na maimaita. Ta tambaye ni wane itace ne, na ce gawo. Ta tambaye ni sau nawa aka kira, na ce biyu. Ta ce in duba da kyau, ko akwai na uku a bayan shafin. Na juya na duba na ce babu. Sai ta juya fuskarta ga bango, ta ce a hankali, ashe ya ji ta. Ranar ko kunu ba ta sha ba.

Washegari ita da kanta ta kira ni, ta sa na rufe ƙofa, ta ba ni labarin. Ta ce kana da shekara goma sha biyar, kai kaɗai kake noma a gonarmu ta bayan dutsi, aka aiki Husaina ta kai maka fura da tsakar rana, ba ta iso ba, ba ta kuma koma gida ba. Aka yi kwana biyu ana nema, kai ne a gaba kana kiran sunanta har muryarka ta dushe. A rana ta uku aka same ta cikin tsohuwar busasshiyar rijiya da ciyawa ta rufe, taku arba'in da gawon gonar, ƙafarta a karye, ƙwaryar a gefenta. Waɗanda suka fito da ita sun ce ba nan take ta cika ba. Da aka tambaye ka, ka ce ba ka ji komai ba. Mutane suka ce doguwa ce, aljanar dutsi, ta ja ta, aka bar maganar a nan.

Kawu, ga abin da ta ce in faɗa maka, kuma na yi ƙoƙari kada in canza mata ko kalma. Ta ce ita ta koya muku, ku duka, cewa idan mutum yana daji rana tsaka ya ji an kira shi bai ga mai kiran ba, kada ya amsa sai an kira sau uku, domin iska sau biyu take kira, ɗan Adam ne ke kaiwa uku. Haka uwarta ta koya mata, haka kowa ke koya wa ɗansa a Arewa. Ta ce kana da shekara bakwai ka taɓa amsa kira tun na farko a gona, ta zare karan dawa ta yi maka dukan da har yau take tunawa, tana yi tana cewa ka fi son iska ta tafi da kai ko. Ta ce yaron da ya yi shiru a gindin gawo biyayya ya yi wa uwarsa. Idan akwai mai laifi, wadda ta riƙe karan ce. Ta ce da ka faɗa mata tun a lokacin, da ta karɓi kayan nan daga kanka, don nata ne, ba ta san kana ɗauke da shi ba shekara ashirin da shida.

Inna ta same mu a haka, dole na nuna mata wuraren da na ja wa layi. Da na karanta mata yarinya mai fura, ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da wani ɗan gwangwanin kwalli, ta zazzage shi a tafin hannunta, sai ga ɗan kunne guda. Ta ce bibbiyu aka saya musu kowa da nata, na Husaina suka ɓace a wurin biki, sai suka raba na Inna, kowa ta sa guda. Sannan ta faɗi abin da ita ma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Ranar ita ce ke da aiken gona, ta yi ƙaryar ciwon kai don rana ta yi zafi, Husaina ta ɗauki ƙwaryar a madadinta. Ta ce shi ya sa ba ta buɗe littattafanka ba, tana tsoron ka sani, tana tsoron ta tarar da kanta a ciki. Na zauna ina kallonsu su biyu suna kuka, ina tunanin ku uku ne, kowa ya rufe bakinsa yana zaton shi kaɗai ya kashe ta.

Akwai wani abu kuma da na yi ba da izinin kowa ba, ina neman gafara a kansa. Ranar Asabar da ta wuce na roƙi Grâce ta raka ni gonar. Gawon yana nan, ba ganye ko ɗaya, gero ya kewaye shi ya fi mu tsawo. Rijiyar ma tana nan, an cika ta da duwatsu da ƙaya amma bakinta bai toshe duka ba. Ina so in san ko murya tana kaiwa daga can zuwa gindin itacen, don mushenmu yakan ce kada a yarda da fassara sai an gwada ta. Muka jira har inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa. Na jingina da gawon, Grâce ta je ta durƙusa a bakin rijiyar, muka shirya za ta ce Yaya sau biyu cikin ramin kamar yadda yake a littafi. Da ta kira, Kawu, wallahi muryar ba daga wajen rijiya ta zo mini ba. Daga dutsi ta zo, can sama, siririya, kamar ba ta mutum ba. Ramin yana tura sauti ga dutsen, dutsen ya dawo da shi. Duk wanda ke zaune a wurin zai rantse daga kan dutsi ake kiransa, inda kowa ke cewa doguwa take. Ko da ka amsa ka tashi da gudu, dutsi za ka nufa, ka bar rijiyar a bayanka. Wannan ba ra'ayina ba ne, na ji da kunnena, kuma idan ka zo zan kai ka ka ji.

Sauran kuma ban san yadda zan faɗe shi ba. Bayan kira na biyu wurin ya yi tsit, ko ganyen gero ba ya motsi, ko tsuntsu babu. Ina shirin tashi sai na ji na uku. Ya fi na farkon ƙanƙanta, kamar na wanda ya gaji. Ban yi tunani ba, bakina da kansa ya ce na'am. Da Grâce ta fito daga cikin geron na ce mata ai biyu muka shirya. Ta dube ni ta ce biyu ta yi, ta rantse da Littafinsu, ta ce in daina tsoratar da ita. Muka kama hanyar gida. Wataƙila dutsen ne ya riƙe sautin ya sake shi daga baya. Na karanta cewa hakan yana faruwa. Amma na faɗa wa Kaka, ba ta yi mini faɗan zuwa ba, ba ta kuma yi mini faɗan amsawa ba. Ta ce alhamdulillahi, ta nemi a ba ta ruwa, ta shanye kofin duka.

Na ga sanarwa a rukunin cewa littafi na huɗu shi ne na ƙarshe, kuma a cikinsa Barmo zai sauka cikin rijiya. Masu karatu suna ta murna, suna cewa a can takobin Sarkin Gishiri yake ɓoye. Ni na san ba takobi zai je nema ba, kuma abin yana ba ni tsoro. Ina roƙonka, kafin ka saukar da shi, ka zo gida tukuna. Kaka ta ce sau biyu ta aika maka, lokacin rasuwar Malam mahaifinku da bara da ciwon ya fara, ka yi shiru, ita kuma ta yi fushi ta bari. Ta ce yanzu ta gane ita ce ta tsaya a biyu. Kullum tana tambayata ko gero ya isa yanka, ba na son yadda take tambayar. Kada ka jira lokacin girbi ya yi, Kawu. Alhaji Kabiru mai kai albasa Abijan, wanda zai miƙa maka wannan takarda, ya ce motarsu za ta juyo bayan kwana biyar, kuma akwai wuri a gaba.

Za ka ji wani ɗan abu mai tauri naɗe cikin ƙyalle a kusurwar ambulan. Ɗan kunnen ne. Inna ta ce in gaya maka aro ne ba kyauta ba, kuma ba ta yarda ka ba kowa ya kawo mata ba, da hannunka za ka maido shi.

Ka san kai ne ɗan farin Kaka, kuma saboda kunya ba ta taɓa kama sunanka ba. Inna ta ce tun da take ba ta taɓa jin sa a bakinta ba, sai dai ta ce wancan, ko yayanku. Jiya da azahar ta sa aka tayar da ita zaune, aka jingina ta da matashi, ta ce in kawo biro in rubuta abin da za ta faɗa, kada in rage ko ɗaya. Na ce ina jin nauyin rubuta sunan kawuna gatsau, ta ce ai ba ni ke kira ba. Ta juya fuskarta wajen ƙofa ta ɗaga murya, har Sa'adatu ta leƙo ta kan katanga. Ga shi kamar yadda ta faɗa.

Luƙman. Luƙman. Luƙman.

Ta ce ka ƙirga, ka ga mutum ne.

Baba Is'haƙa yana gaishe ka da kyau, ya ce ɗakin zaure a share yake. Inna tana gaishe ka, tana gaida Anti Lubabatu, ta ce a shafa mata kan Habu da Kubra. Grâce ma ta ce in gaishe ka, wai har yanzu ba ta yafe maka mutuwar Jarmai Tunau ba. Allah ya kawo ka lafiya, ya sa ka tarar da ita da sauran ƙarfinta.

Kayena yana da sauran shafuka cike da tambayoyi a kan garuruwan nan bakwai, waɗanda ba su shafi kowa ba sai labarin. Idan ban ɓata maka rai ba, ina neman izninka in sake rubuto maka. Ba sai ka wahala da doguwar amsa ba. Na sa lambar Baba a bayan takardar, kuma da rana wayar tana wurin Kaka, kusa da kunnenta. Ko na'am kaɗai ka ce, ya ishe mu ni da ita.

Ɗiyarka mai girmama ka,
Sahura Is'haƙa